Motar Hobart, Tuffar Opal

A duk kwarin Laurel Fork babu wanda bai san motar Hobart Sizemore ba, har waɗanda ba su taɓa sa ta a ido ba. Chevelle ce ta 1970, ja wur, da baƙin ratsi biyu a kan bonet, kuma shekara hamsin ke nan rabonta da taka kwalta. Tana ajiye cikin garejin da aka haƙa a jikin tudun bayan gida, bango uku duk ƙasa ta dafe su, ƙofa ɗaya tal. A bakin ƙofar kuwa wata ƙatuwar bishiyar tuffa ce ta yi kane-kane, ta tare kusan rabin hanya.

Masu so sun zo har sun gaji. Daga Ohio, daga Tennessee, har da wani mai ƙaton tumbi da ya taso tun daga Texas. Su tsaya a bakin shinge su cire hula, su yi ta zuba ladabi, Hobart ya bar su su gama, ya ɗaga musu bonet su leƙa daga nesa, ya mayar ya rufe, ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce. Wata rana zan gyara ta." Tun yana faɗin haka da baƙin gashi a kansa har ya zo yana faɗa da haƙoran roba. Ranar Asabar kuma a kai shi shagon aski ya baje kolin labarin injinta, wanda ya ce tun daga masana'anta ko noti ɗaya ba a taɓa kwance masa ba. Mutanen shagon, tsofai-tsofai da su, su saki baki kamar yau suka fara ji.

'Yarsa Arlene ce mai kai shi askin. Ita ce kuma mai yi masa wanka, mai yayyanka masa nama, mai juya shi a gado. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta ajiye aikinta a wani gidan burodi a Dayton, ta zo jinyar mahaifiyarta Opal da niyyar wata uku. Opal ta rasu a wata na biyar. Ba a rufa wata biyu ba Hobart ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ita kaɗai suka haifa, to ina za ta? Ta zauna. Tsaunuka sun kewaye gidan ta ko'ina, rana ba ta leƙo kwarin sai ƙarfe goma, kafin huɗu ta tattara nata ya nata ta tafi. Arlene ta tsani wurin nan, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Tana son ubanta, amma akwai safiyar da in ta ji yana buga sandarsa a bango yana kiranta, sai ta cusa bargo a baki ta yi ihu a ciki, sannan ta tashi ta ɗora kofi.

Ba wai babu mafita ba. 'Yarta Shawna da mijinta sun sayi gida a Dayton, da ɗaki a ƙasa saboda tsoho, da wani a sama saboda ita. Ƙaramar jikarta Junie, 'yar shekara huɗu, "Kakar cikin waya" take ce mata, don a nan kaɗai ta san ta. Abin da ya rage kawai Hobart ya yarda a tafi da shi. Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da maganar, sai ranar Ista da ta wuce, suna cin abinci da fasto, Arlene ta sake ɗauko ta. Tsohon ya nuna tagar kicin da cokali, yana dariya har da tari.

"Fasto, kai ne shaida. Ranar da motar can ta bar gidan nan, ranar zan bar shi. Duk wanda ya iya fito da ita bai karya wa tuffar Opal reshe ko ɗaya ba, ya biya ya ɗauka, ni kuma a kai ni duk inda aka ga dama."

Akwai abin da ya taka. Shi ya dasa bishiyar da hannunsa lokacin da Opal ke ɗauke da cikin Arlene, ya ce kyauta ce ya yi mata. Da 'ya'yanta Opal ta yi ta gasa musu kek duk kaka har ƙarshen ranta, a gindinta kuma aka zuba tokarta bayan an ƙone gawar, don wasiyyar da ta bari ke nan. "Ku zuba ni a gindin tuffar nan," in ji ta, saura kwana biyu ta cika. "Abin da ubanki ya ajiye a wurin, ni zan zauna masa a kai." Arlene ta ɗauka maganin asibiti ne ke magana, ta gyara mata matashi ta ce to.

Sai dai Hobart mutum ne da in ya yi magana gaban mutane, ko za ta kashe shi ba ya janyewa, Arlene kuma ta san da haka. Washegari ta ɗauki hotunan motar ta tura wa Shawna, Shawna ta watsa su inda masu irin wannan haukan ke taruwa. Ba a yi mako ba wani attajiri a Nashville, mai tara tsofaffin motoci yadda wasu ke tara tantabaru, ya ce zai turo mutuminsa.

Mutumin, Dewey Ratliff, ya kira ta ana jibi zai zo. "Madam, don girman Allah kada ki wanke ta. Ko tsumma kada ki goga mata. Ƙurar ma saye muke yi." Arlene, wadda ta riga ta cika bokiti da ruwan sabulu, ta zubar da shi a gindin shinge tana cewa lallai duniya ta zo ƙarshe.

Ranar Talata da hantsi ya iso, janye da doguwar farar tirela mai rufi. Sai da ya yi gaba da baya sau huɗu kafin ya karya kwanar gada. Dogo ne siriri, da tsinken sakace a gefen baki. Hobart na zaune a baranda cikin kekensa, an rufa masa bargo a ƙafa, yana kallon yadda ake ta fama da kwanar kamar an kunna masa talabijin.

"Barka da hutawa, Baba."

"Kai ne mai tirelar? Ka ƙona mai a banza, ɗan nan. Ka dai fi su ƙaton akwati, wannan na yarda."

"Ai Baba in ban samu mota ba na samu kofi."

"Arlene, ba shi kofi. Shi kaɗai zai fita da shi daga gidan nan."

Dewey ya shanye kofinsa a tsaye. Ko kallon motar bai tsaya yi ba, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu. Ya auna faɗinta, ya auna ƙofa, ya auna tsakanin bishiyar da ginshiƙin ƙofar, ya sake aunawa har sau uku. Ya kwanta rigingine a ƙasa ya duba rassa. Arlene na tsaye ta harɗe hannu a ƙirji.

"Inci huɗu," in ji shi da ya tashi. "Inci huɗu ne kacal suka hana ta fita."

"Shekara ashirin da suka wuce inci ɗaya ne," Hobart ya ɗago murya daga baranda. "Tuffar nan ba ta ramewa. Ka dawo baɗi ka tarar da biyar."

"Ba bishiyar zan taɓa ba, Baba. Ginshiƙin nan na dama katako ne, kaurinsa inci shida. In na tokare saman ƙofar da jak na zare shi, na ɗora tayoyinta a kan faranti masu 'yan tayoyi, sai in turo ta a kaikaice yadda ake fito da doguwar kujera daga ɗaki. Ganye ɗaya ba zai faɗo ba."

Dariyar Hobart ta tsaya cak. Arlene ta gani, amma murna ba ta bar ta ta yi tunani a kai ba. Ta shige kicin ta dafa wurin wanke-wanke da hannu biyu, hawaye na zuba, tana kallon tukwane tana zaɓen waɗanda za ta tafi da su.

Kafin tsakar rana ginshiƙin yana jingine a bango. Dewey ya ce a cikin ramin nan ko ƙofar motar ba ta buɗuwa sosai, dole ya fito da ita haske ya duba, don maigidansa ba ya cinikin biri a sama. Birki ya riga ya kama, tayoyi sun zama kamar busasshiyar fata, amma da ya ɗaga ta ɗaya bayan ɗaya ya zura farantan a ƙasa, sai ga motar da ta yi shekara hamsin a daskare tana motsi da turin mutum biyu. Arlene ta sa kafaɗa, yana ce mata, "Hagu kaɗan. Tsaya. Yauwa, taho." Madubin gefe ya wuce jikin bishiyar da faɗin yatsa biyu. Suka tsayar da ita rabi a waje rabi a ciki, hancinta cikin rana.

Nan ya fara aikinsa na gaske. Ya naɗe mayen ƙarfe cikin hankici ya bi jikinta da shi taƙi-taƙi, duk inda ya ɗora sai ya kama, alamar ba a taɓa cike mata wani rami ba. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya daddanna ƙarfen da sukundireba. Ya buɗe but ya shinshina. Ya ɗaga kujerar baya, ya tarar da sheƙar ɓeraye, a gefenta kuma wata takarda da ta koma ruwan ƙasa maƙale cikin wayoyin kujerar. Da yatsa biyu ya zaro ta, a hankali, har numfashi ya ɗauke.

"Kin san mece ce wannan? Takardar haihuwarta ce. Masu haɗa ta ne suka cusa a nan ranar da aka ƙera ta. Allah ya yi wa ɓerayen gidan nan albarka da ba su ci ba." Ya yi fito. "Madam, shekara talatin ina wannan yawo, irin wannan sau biyu na taɓa gani."

Ya zagayo gaba ya ɗaga bonet. Murafan injin suka yi ƙyalli duk da ƙurar da ta lulluɓe su. Ya ɗauko burushin ƙarfe da gwangwanin mai.

"Kai!" Sandar Hobart ta daki katakon baranda. "Injin ba a taɓa shi. Ka leƙa kamar kowa ka rufe."

"Haba Baba. Duk abin da na duba tun ɗazu ai riga ce. Wannan ne mutumin."

Ya yi wa Arlene bayani yana aiki. A gaban injin akwai wani ɗan wuri shafaffe inda masana'anta ke buga lamba, ƙarshenta iri ɗaya da ƙarshen lambar da ke ƙarƙashin gilashin gaba. In suka zo ɗaya, mota da inji uwa ɗaya uba ɗaya ne, abin da attajirai ke hauka a kai ke nan. Ya fesa mai, ya goga, ya haska. Ya ƙara gogawa. Ya daɗe a sunkuye. Ya rubuta wani abu a tafin hannunsa, ya je wurin gilashin ya duba, ya dawo. Da ya cire tsinken sakacen daga baki ya sa a aljihu, Arlene ta gane ba lafiya ba.

"Madam, zo ki gani," ya ce a hankali, don kada a ji daga baranda.

Ta karanta ta jikin injin, ta karanta ta gilashin. Ko kusa ba su yi da juna ba.

"Injin a-kori-kura ne wannan. Motar ɗaukar kaya. An dai sa masa hular na asalin da murafansa. Wanda ya yi aikin ya iya hannunsa, daga nesa ko ni sai ya ruɗe ni."

"To sai me? Inji ai inji ne. Wannan ɗin ma ba tashi yake ba."

"A wurinki da ni. Bari in kira maigidana."

Ya taka har bakin shinge inda waya ke kamawa. Arlene na hangensa yana magana yana shurin tsakuwa da takalmi. Bai yi minti biyar ba ya dawo.

"Ya ce in an samo injinta na asali, ko a fashe yake, ko tsatsa ta cinye rabinsa, muddin lambar na karantuwa, in loda su tare yau ɗin nan. In babu, in juyo."

"Haka nan babu mai sayenta?"

"Akwai. Akwai masu saye su feɗe ta, su zuba mata sabon inji da sabon fenti. Zan iya haɗa ki da mutum biyu. Sai dai kuɗin ba zai kama ƙafar wancan ba, kuma takardun sunan Baba ne a jiki. Sai ya sa hannu."

Arlene ta hau matakalar baranda. Ba kuɗin ne ya dame ta ba, ko kyauta aka ce a bayar ita ta yarda. Ta tsaya a gaban kekensa ta tare masa tsaunin da yake kallo.

"Baba, ina injin?"

"Wane injin?"

"Kada ka raina mini hankali yau. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɗaga maka murya ba. Ina injin motar nan?"

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na Hobart sai da ya yi shekara hamsin yana tafiya kafin ya ƙure. Ya murza kan sandarsa, ya murza, sannan ya fara magana da wata ƙaramar murya da ba ta san shi da ita ba.

"Uwarki na da cikinki wata shida. Na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse mata na bar tseren mota. Sai ta tafi wurin yayarta kwana uku. Ranar Asabar ga ɗan gidan Combs da sabuwar motarsa a miƙaƙƙiyar hanyar bakin kogi, wai aure ya mai da ni mace. Na ci shi, Arlene. Wallahi da tsawon mota biyu na ci shi." Idonsa ya ɗan yi haske, ya sake mutuwa. "A hanyar dawowa, ni kaɗai, injin ya yi wata ƙara, ƙarfe ya huda cikinsa ya fito ta gefe. Wani abokina ya janyo ni gida, shi ma ya daɗe da mutuwa. Kwana biyu muka yi muka sa wannan. Wancan yana rataye da sarƙa a saman ƙofar gareji, nauyin tsiya gare shi, uwarki kuma na hanya. Na haƙa rami a ƙarƙashinsa na sake shi ciki."

"A bakin ƙofar."

"Sabuwar ƙasa ai ba ta ɓuya. Na je kasuwa na sayo dashen tuffa, bai fi yatsana kauri ba. Na ce in na samu hali sai in tono shi in kai a yi masa walda. Wata rana."

"Me ya hana ka hawan motar da wannan ɗin?"

"Sau ɗaya na tayar. Duk garin nan sun san kukanta. Da na ji muryar a-kori-kura a bakinta na kashe, ban sake ba."

Arlene ta juya ta dubi bishiyar. Lokacin furenta ne, ta yi fari fat, ƙudan zuma na ta kaiwa da komowa. Maganar da ta ɗauka ta maganin asibiti ce ta dawo mata, kalma bayan kalma.

"Mama ta sani."

"Ba ta sani ba."

"Ta sani, Baba. Saura kwana biyu ta rasu ta ce mini in zuba ta a nan, wai abin da ka ajiye a wurin ita za ta zauna maka a kai."

Ya ɗago ya dube ta. "Ba ta taɓa ce mini komai ba."

"Me za ta ce? Shekara talatin da tara tana ba ka kek ɗin tuffar kana ci kana neman ƙari."

Ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ta, ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannunsa mai lafiyar, ta sassauta murya. Ta ce abin da ya wuce ya wuce. Ta ce akwai masu sayenta a haka, sa hannu ɗaya ne kawai, mako mai zuwa war haka yana zaune a Dayton da Junie a cinyarsa.

"Su feɗe ta?" Ya zare hannunsa. "Ranar Asabar kuma a shagon aski a ce me? Motar Hobart ta tafi a kuɗin gwangwani don injin bogi ne a ciki?"

"Ba ka nan ranar Asabar ɗin, Baba!"

"Sunana yana nan." Ya share baki da bayan hannu. "In za ta fita, ta fita da injinta. Maganar reshe na janye, ki gaya wa fasto ni na janye. Zarto yana rumfa, shebur yana rumfa. Uwarki ce, ke za ki yanke. Ni hannuna ɗaya ne."

Haka ya sauke kayan da ya yi shekara hamsin yana dako ya aza mata a ka, ko gammo babu. Mugunta ce ko tsoro, Arlene ba ta iya rabewa ba.

Dewey ya ji komai, ba yadda za a yi ya ƙi ji. Yana jingine da tirelarsa yana kallon takalminsa.

"Ina da sarƙa da injin ja," ya ce da ta iso. "In aka sare ta, cikin awa biyu na tumɓuke kututturen, injin zai biyo saiwa. Amma ni dai ba zan sa mata zarto ba, Madam, ki yi haƙuri. Zan jira zuwa ƙarfe huɗu. Gobe ina da wata motar a Virginia."

Arlene ba baƙuwar zarton inji ba ce, ita ke yanka itacen hunturu duk shekara. Ta ɗauko shi daga rumfa, ta duba mai, ta ja igiya. A ja na uku ya kama. Ta tako ta tsaya a gindin tuffar, daidai inda ta durƙusa shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta juye gwangwanin tokar da hannunta. Ta ce wa kanta itace ne, toka kuma ruwan sama ya daɗe da wanke ta. Ta tuna ɗakin sama, ta tuna Junie. Ta kafa ƙafa ta ɗora zarton.

Ya shige kamar a cikin sabulu. Ɗanyen gari mai sanyi ya feso mata a hannu, bishiyar ta girgiza, fure ya yi ta zubowa a kanta da kan jan bonet ɗin motar. Inci ɗaya. Inci biyu. Sai ta hango abin da zai biyo baya: sarƙa a naɗe, injin ja yana gurnani, saiwoyi na tsinkewa, ƙasar nan ta juye ciki ya koma waje. A duk kwarin nan wurin nan ne kaɗai take zuwa ta yi magana. In ta fito shanya a nan take tsayawa ta faɗi abin da tsoho ya yi mata yau, ta faɗi abin da Shawna ta ce, wani lokaci har ta yi dariya. Yatsanta ya saki da kansa, zarton ya yi tari ya mutu.

Ta sake kama igiyar. Ta tsaya riƙe da ita, ba ta ja ba. Wani baƙin ciki ya taso mata, wannan karon ba na ubanta ba ne.

"Mama," ta ce, goshinta a jikin bishiyar, "shi kika so ki ɗaure. Ni kika ɗaure."

Dewey ya bar ta har ƙarfe huɗu saura kwata. Sannan ya je ya mayar da takardar nan cikin wayoyin kujera daidai inda ya same ta, ya rufe bonet, ya zo ya tsaya a gaban motar. Arlene ta ajiye zarton ta zo ta sa kafaɗa kusa da tasa. "Dama kaɗan. Tsaya. Yauwa." Komawar ta fi fitowar sauƙi, ƙasan garejin gangare ne. Ya zare farantansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ginshiƙin ya mayar, ya riƙe mata ita kuma ta buga ƙusoshin.

Ya miƙa mata katinsa. "In kin canza shawara. Abin da na gani kuma a bakina ba za a ji ba. In an tambaye ni, ba mu daidaita ba ne kawai." Ya ɗaga hula wajen baranda. "Na gode da kofi, Baba."

Hobart, da ya saba mayar masa da baƙar magana, ya kau da kai wajen tsauni. Tirelar ta sake yin gaba da baya sau huɗu a kwanar gada, wayam, tana ƙara kamar gwangwani.

Rana ta riga ta faɗa bayan tsauni. Arlene ta kwaɓa laka ta cike yankan da ta yi wa bishiyar, ta naɗe shi da tsohuwar rigar Hobart. Tana wanke hannu a famfon waje wayarta ta yi ƙara. Ta taka zuwa bakin shinge ta ɗauka.

"Mama, an loda?" Muryar Shawna har rawa take don ɗoki. "Mun gama fentin ɗakinki jiya, ruwan ɗorawa, irin wanda kike so. Tsaya, ga sarkin surutu tana ƙwace wayar."

Fuskar Junie ta cika gilashin, hanci da ido kawai. "Kakar cikin waya! Yaushe za ki fito?"

"Akwai ɗan gyara da ya rage, 'yar albarka."

"Yaushe za a gama?"

"Wata rana," in ji Arlene. Sai da maganar ta fita ta gane muryar wanda ta yi amfani da ita.

Daga baranda sanda ta fara bugun katako, sau uku, ta tsaya, ta sake sau uku. Sanyi ya sauko, yana so a shigar da shi ciki. Ta ce wa yarinyar ta gaida mamanta, ta sa wayar a aljihu, ta juya ta nufi gida.